Wudil: garin da kogi da hanya suka raina

Duk motar da ta bar Kano ta nufi Dutse, Azare, Potiskum ko Maiduguri, bayan tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai sai ta hau gadar Wudil. Ruwan da ke ƙarƙashin gadar haɗakar Kogin Kano ne da Kogin Challawa, kuma da sunan Kogin Haɗeja yake ci gaba da tafiya gabas har ya shiga dausayin Haɗeja da Nguru. Mutanen garin dai Kogin Wudil suke kiransa. A wannan mashiga garin ya kafu, kuma kusan duk abin da Wudil ta zama yana da alaƙa da ita.

Kogin ya ba ta fadama, ya ba ta masunta da manoman rani, ya kuma ba ta yashin da tifofi ke kwasa zuwa gine-ginen birni. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan ya daina bin lokacinsa na da. Ambaliyar da ta saba shimfiɗa sabuwar ƙasa a fadama kowace damina ta ragu, kuma a shekarar da madatsun suka cika suka tumbatsa, gonakin bakin kogi a Wudil da maƙwabtanta irin su Warawa da Ajingi ne ke fara shan wahala. Manomin da ke nan ba shi da ta cewa kan ranar da za a saki ruwa.

A tarihin sarauta, sunan Wudil ba ya rabuwa da Jobawa, ɗaya daga cikin gidajen Fulanin da suka yi jihadi a Kano. Mazauninsu Utai, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Wudil a yau, kuma jagoransu Malam Bakatsine na cikin malaman da suka yaƙi Sarki Alwali har mulkin Haɓe ya faɗi a 1807. Rabon da gidan ya samu shi ne sarautar Makama, guda cikin huɗun da ke zaɓen Sarkin Kano, tare da Madaki, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Da Turawa suka tilasta wa hakimai barin birni su koma zama a gundumominsu, Wudil ta zama kujerar Makama.

Wannan tsohon tsari ya shiga gwaji a 2019, lokacin da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye. Wudil ta faɗa ƙarƙashin Gaya. Sai ga mai zaɓen Sarkin Kano yana riƙe da ƙasar da doka ta ce ba ta Kano ba ce, kuma ana sa ran ya kai gaisuwa wata fada. Masu zaɓen sarkin huɗu sun garzaya kotu. A 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, Wudil ta koma Kano. Cikin shekara biyar an sauya wa gari ɗaya uban ƙasa sau biyu, ba tare da an tambayi mai saye da sayarwa a kasuwarsa ba.

Kasuwar kuwa ita ce abin da ya kai sunan Wudil nesa. Ranar Juma'a take ci, kuma karar shanunta na cikin mafi girma a Arewa. Dabbobi na zuwa daga Yobe, Borno, Jigawa, har da Nijar da Chadi, dillalai su shiga tsakani, a yi ciniki, kafin dare tireloli sun ɗau hanyar Legas da Fatakwal. Wannan dogaro da nesa shi ne ƙarfinta, shi ne kuma rauninta. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya taɓa cinikin da aka saba yi hannu da hannu, rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli na shekarar ya ƙara tsuke hanyar shigowar dabbobi. Abin mamaki shi ne har yau a raye ake loda saniya ta yi tafiyar fiye da kilomita dubu, ribar yanka da sarrafa nama ta tsaya a can inda ta sauka.

A 'yan shekarun nan garin ya sami wata fuska. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jihar ta fara karatu a Wudil a 2001, zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, kuma a 2022 aka sa mata sunan Aliko Ɗangote. Ga kuma Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda ta Ƙasa, wadda yanzu take ba da digiri. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum kusan 185,000, amma ɗalibai da ma'aikatan da suka shigo bayan haka sun sauya kuɗin haya da darajar fili. Gonakin da ake noma gero da dawa a bakin titin Gaya, da dama cikinsu yanzu ɗakunan haya ne na ɗalibai.