Rashin caji a mota

Rashin caji matsala ce ta lantarkin mota, inda batir ke daina samun wuta yayin da inji yake aiki. Sau da yawa batir ake ɗora wa laifi, alhali altaneta ce ko fambel ko waya suka lalace. Sabon batir da aka saka wa irin wannan mota shi ma sauka zai yi cikin ɗan lokaci.

Yadda caji ke gudana

Aikin batir shi ne tayar da inji. Da inji ya tashi, fambel ke juya altaneta, ita kuma ta ba fitilu da sauran na'urori wuta, ta mayar wa batir abin da ya bayar. Regileta ce ke daidaita ƙarfin wutar.

Alamomi

Fitila mai hoton batir ta ƙi mutuwa bayan mota ta tashi, hasken gaba ya dusashe, fambel ya riƙa ƙara, ko mota ta riƙa buƙatar turi kowace safiya.

Gwaji

Mai rewaya yana ɗora mita a kawunan batir biyu. Cikakken batir na nuna kusan bolt 12.6 idan inji a kashe yake. Bayan an tayar da inji, ya kamata mita ta haura zuwa tsakanin 13.8 da 14.5. Idan ba ta haura ba, caji ba ya zuwa: sai a fara duba fambel, tsatsar kawunan batir, wayar at da fis, domin gyaransu ya fi araha, kafin a kwance altaneta a duba burushi da dayod. Idan ta wuce 15, regileta ta lalace, kuma za ta ƙone ruwan batir. Idan lambobin daidai ne amma batir na sauka cikin dare, ko ya tsufa, ko wata na'ura na shan wuta a ɓoye.

Wasu na cire kan batir inji yana aiki don su ga ko mota za ta mutu. Wannan dabara ba ta da kyau, domin tana iya ƙone dayod da kwamfutar mota.

Tsohon batir

Batirin mota, wanda Gaston Planté na Faransa ya ƙirƙiro irinsa a 1859, cike yake da dalma da asid. An ga illar dalma a Dareta ta ƙaramar hukumar Anka da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. A can daga niƙan dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, shi ya sa ba a fasa batir ko narka dalmarsa a cikin gida.