2,147,483,647

2,147,483,647 ita ce lambar da ake samu idan aka ninka 2 da kanta sau 31 aka ɗebe 1. Tana cikin lambobi marasa rabuwa, wato babu lambar da ke raba ta cif ba saura sai 1 da ita kanta. A jerin irinsu da ake kira lambobin Mersenne ita ce ta takwas. Kuma 31 ɗin ma daga wannan gida ta fito, domin 2 ce aka ninka sau 5 aka ɗebe 1.

An daɗe ana zaton haka take tun ba a da hujja. Pietro Cataldi na Italiya ya sa ta cikin marasa rabuwa a 1588, sai dai a jerin nasa har da waɗanda ake samu daga 23 da 29 da 37, kuma duka ukun daga baya an gano suna rabuwa. A 1644 Marin Mersenne, wani limamin Kirista Bafaranshe, shi ma ya ambace ta. Dacen zato suka yi kawai.

Leonhard Euler ne ya yanke magana a 1772, cikin wata wasiƙa da ya rubuta, a lokacin yana zaune a Rasha, idanunsa sun kusa mutuwa ɗungurungum. Dabararsa ita ce abin kallo. Bai zauna gwada kowace lamba ba. Ya nuna cewa duk lamba marar rabuwa da za ta iya raba ta, idan aka raba wannan lambar da 248, dole saura ya zama 1 ko 63. Ba kuma buƙatar wuce 46,340, tunda daga nan duk lambar da aka ninka da kanta ta zarce ta. Da haka aikin ya ragu zuwa abin da alƙalami da takarda za su iya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta shiga. Har 1867 ba a san marar rabuwa da ta fi ta girma ba.

A 1811 Peter Barlow na Ingila ya rubuta cewa da wuya wani ya ƙara wahalar da kansa neman abin da ya wuce nan, don bai ga amfanin da irin waɗannan lambobi ke da shi ba.

Zuwan kwamfuta ya ba ta wani matsayi dabam. Idan na'ura ta ware gurabe 32 don ajiye lamba, ɗaya na nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa, sauran 31 kuwa iyakar abin da za su ɗauka shi ne 2,147,483,647. A 2014 YouTube ya sanar cewa ya faɗaɗa ma'aunin ƙirga masu kallo zuwa gurabe 64, bayan da bidiyon waƙar Gangnam Style ya kai ga wannan iyaka. Tsofaffin tsare-tsaren kwamfuta na Unix kuwa, masu ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, za su cika ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya da Nijar. Na'urar da ba a gyara ba, lissafin kwanan watanta zai koma Disamban 1901.