Wa Ke Zaɓen Yaron Da Zai Koyi Sana'a?

'Yan uwa marubuta, mai son rubuta labarin ɗan makarantar zamanin En'e ya fara sanin yadda sunan yaro ke shiga takarda.

A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Tun daga nan aka raba ɗaki: ga sashen 'ya'yan sarakuna, ga na malamai, ga na sana'o'in hannu irin su kafinta da ƙira da dukanci. Ba jarrabawa ke kai yaro can ba, masarauta ce ke aiko shi.

Haka tsarin ya iso Lardin Sakkwato, lokacin da Gusau da Tsafe da Bunguɗu suke gundumomi a ƙarƙashin En'e. Idan ana neman yara, ta hannun Sarkin Katsinan Gusau ko 'Yandoton Tsafe ko Sarkin Fulanin Bunguɗu saƙon ke bi, shi kuma ya danna wa dagatai da masu unguwanni. Iyaye da yawa na ɗaukar boko tamkar haraji, mai hali kan ɓoye ɗansa a miƙa na marar gata. Wani da aka tura don ƙiyayya shi ya dawo ma'aikaci, gobarar Titi ke nan. Daga elemantare ake tace masu zuwa Midil ta Sakkwato, daga Midil a tsamo ƙalilan zuwa Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921. Ta wannan tsani Ahmadu Bello ya hau, kafin a turo shi Gusau a 1938.

To ina mai hannu? A ganina nan aka yi kuskure. Mai zaɓe na duban wanda zai zama malami ko magatakarda, sai abin da ya rage a rariya ake turawa koyon sana'a. Alhali kafin 1930 jirgin ƙasa ya ratsa Tsafe da Gusau har Ƙauran Namoda, ga injin gurzar auduga, daga baya ga masaƙa. Duk suna neman makanikai, kuma akasari daga Kudu aka samo su.

Sai a 1983 aka kafa kwalejin fasaha ta tarayya a Ƙauran Namoda. Ta jiha da ke Talatar Mafara tana ɗauke da sunan Injiniya Abdu Gusau. Yau takardar shaidar ƙaramar hukuma ta maye gurbin wasiƙar hakimi, kuma kafin a ba ka ita, sau da yawa sai mai unguwa ya ce ya san ubanka.