Yadda Aka Haɗa Farantan Sauraron Sama

A cikin shekarar 1963 wani masanin taurari a Amurka, Maarten Schmidt, ya auna hasken wani abu da ake kira 3C 273, wanda da ake zaton tauraro ne. Ashe cibiyar wani garken taurari ce mai nisan gaske, har haskenta yakan yi shekara fiye da miliyan 2,000 bisa hanya kafin ya iso duniya. Daga baya aka gane akwai ƙaton baƙin rami a tsakiyarta, yana haɗiye abin da ya kusance shi.

To, irin waɗannan cibiyoyi suna fid da igiyoyin rediyo, ana kuwa kama su da manyan farantai na ƙarfe. Amma faranti guda ba ya iya rarrabe abin da ke cikinsu, don nisa. Sai a 1967 masana na Kanada da Amurka suka yi dabara, watau farantai masu nisa da juna su dubi wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kowanne ya ɗauki abin da ya ji a kan tef, da agogon da ba ya kuskure. In aka gwama, sai su zama kamar faranti ɗaya mai faɗin tazarar da ke tsakaninsu.

Sai dai akwai cikas. Tilas a aika da tef ɗin zuwa wurin gwamawa, a yi makonni ana jira. In wata tasha ta sami matsala, ba mai sani sai aiki ya wuce, sa'an nan wahalar kowa ta tashi a banza.

Intanet ita ce ta kawo maganin wannan. Ran 28 ga Agusta, 2007, aka haɗa farantin Sheshan na kusa da Shanghai a ƙasar Sin, mai faɗin mita 25, da na Mopra a Ostareliya, da waɗansu na Turai. Duk suka dubi 3C 273, suna aika da abin da suka ji ta waya zuwa cibiyar JIVE a Dwingeloo, ƙasar Holan. Nan take aka gwama, masanan da ke taro a birnin Xi'an suka ga sakamako a ranar. A watan Janairu na 2009 kuma farantai 17 suka yi sa'a 33 suna aiki tare haka nan.

Afirka ma ba a bar ta baya ba. Tashar Hartebeesthoek ta Afirka ta Kudu ta shiga a 2008. A 2017 Ghana ta buɗe nata farantin a Kuntunse, kusa da Accra, wani tsohon farantin sadarwa mai mita 32 da aka gyara. Amfaninsa shi ne yana tsakanin Turai da Afirka ta Kudu, inda da babu ko ɗaya, ga shi kuwa kowane giɓi da aka cike yana ƙara wa hoton kyau.