Famfo: Kalmar da Abin da Take Nufi

Duk mai nazarin kalmomin aro ya san cewa "famfo" daga kalmar Ingilishi "pump" ta fito, watau na'urar da ke jawo ruwa daga ƙasa. Amma abin da Bahaushe ke murɗawa a tsakar gida ko a bakin titi ba ya jawo kome. Aikinsa tsare ruwa ne, sai an bukata a sake shi. Tarihin kan famfo kuwa tarihin wannan tsarewa ne.

Rumawa sun san shi. A kangon birnin Pompeii, wanda aman dutse ya binne a shekara ta 79, an tono bututun darma da kawunan famfo na tagulla. Ƙirarsu mai sauƙi ce: toshiya mai huda a cikin bututu, in an juya hudar ta daidaita da hanyar ruwa sai ya wuce, in an karkata ta sai ya tsaya. To amma a gidajen masu hali ake samunsu. Na bakin titi, inda talakawa ke ɗiba, kwarara yake yi dare da rana. Frontinus, wanda aka naɗa shugaban ruwan birnin Rum a shekara ta 97, ya yi kuka da yadda ma'aikata ke sa wa wasu gidaje bakin bututu fiye da faɗin da hukuma ta yarda. Ashe satar ruwa ba yau aka fara ba.

Wannan ƙira ta daɗe ƙwarai, har ƙarni na 19, sa'ad da biranen Ingila suka fara tura ruwa da ƙarfi. Nan aibinta ya bayyana, domin tana datse ruwa farat ɗaya, ƙarfinsa ya koma ya bugi bututu, wani lokaci har ya fashe. A 1845 kamfanin Guest and Chrimes na garin Rotherham ya fito da kan famfo mai zare, wanda ke sauka a hankali yana danne 'yar fata a bakin hudar. Jikokinsa ne muke murɗawa har yau, sai dai roba ta maye gurbin fata.

A Kano, ruwan famfo ya shigo a farkon shekarun 1930 daga Challawa, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A ganina, jama'a sun ji cewa inji ne ke turo ruwan, sai sunan injin ya bi bututu har ya sauka a kan abin da ido ke gani. Daɗin daɗawa, kalmar ta zauna daram a wannan ma'ana, har ya zama da aka zo kafa ainihin na'urar jawo ruwa a ƙauyuka, sai da aka yi mata ƙarin bayani, aka ce "famfon tuƙa-tuƙa".