Bakin Ɗalibi da Kunnen Hukuma: Daga Samaru Zuwa Dutse

Duk mai nazarin tarihin jami'o'in Nijeriya zai tarar cewa ba kasafai rigimar ɗalibai da hukuma takan faro daga babbar magana ba. Ta 1978 a kan abinci ta tashi. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ce ta yi ƙarin kwabo 50, watau sule biyar, a kan kuɗin abincin ɗalibi na kowace rana. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, a ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ce ba ta yarda ba, ta kuma nemi Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. A watan Afrilu aka harbe ɗalibi a Legas, sa'an nan sojoji suka buɗe wuta a Samaru, aka yi asarar rayuka. Daga bisani gwamnati ta soke ƙungiyar, amma a 1980 wata ta maye gurbinta da sunan NANS.

Abin lura a nan shi ne yadda magana take fita a wancan zamani. Kafin ra'ayi ya kai kunnen hukuma, sai an tafka muhawara a majalisar ɗalibai, an buga takarda, an manna a bangon ɗakin cin abinci. Saboda haka in magana ta fito, ta jama'a ce, kuma wanda ya taɓa mai faɗinta ya taɓa dubbai. Wannan bai hana zubar da jini ba. A 1986 ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwanon tunawa da mamatan 1978, suka ratsa ta masaukin mata na Amina. Hukumar jami'a, a zamanin Farfesa Ango Abdullahi, ta hukunta shugabanninsu, rikici ya ɓarke, ran 23 ga Mayu 'yan sanda suka harbe mutane a harabar jami'a. Kwamitin bincike na Janar Abisoye ya karkata zargi ga malamai, wai suna koyar da abin da ba shi aka biya su su koyar ba. Kwamitin dai bai fayyace wa ke da ikon yanke abin da ya halatta a koyar ba, kuma a 1988 aka kori Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa a Zariya, daga ƙasar.

To, zuwan wayar hannu ya sauya wannan tsari. Ɗalibi ba ya bukatar majalisa ko injin buga takarda. Daga kan gadonsa zai yi rubutu, duniya ta gani. Sai dai shi kaɗai ya rubuta, shi kaɗai kuma za a zo nema. A Nuwamba 2022 jami'an tsaro suka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda wata gajeruwar magana da ya rubuta a Twitter, watanni kafin nan, game da Aisha Buhari, matar shugaban ƙasa na lokacin. Aka kai shi Abuja, kotu ta tura shi gidan yarin Suleja. Ba zanga-zanga ya shirya ba, ba ƙungiya ya wakilta ba. Amma abin da ya taimaka wajen fid da shi ya haɗa sabon makami da tsoho: surutu ya yi yawa a intanet, NANS kuma ta yi barazanar fitowa kan tituna. A farkon Disamba aka janye ƙarar, aka sake shi.