Daga Kwatano zuwa Wida a kan keke: hanyar da wutsiyarta ke Gobir



Satin da ya wuce wasu ƴan uwanmu masu ci-rani a Kwatano sunka turo muna hotuna a wannan shafi: su huɗu bisa kekuna, teku a hagunsu, itatuwan kwakwa a damansu. Lahadi ce, ba aiki, sunka ce bari su taka zuwa Wida su sha iska. Mu da munka san wahalar tura belo cikin rairayin ƙasar Dakoro, wallahi sai da munka ji ƙyashi.

Hanyar ana ce mata Route des Pêches, wato hanyar masunta. Ta tashi daga unguwar Fidjrossè, ta bi gaɓar teku wajen kilomita 40 har Wida. Ba hawa, ba gangara. Wanda ya fita bayan asuba zai isa kafin rana ta take, ko da ya tsaya kallon masunta suna jan taru. Amma hoto na ƙarshe shi ya sa munka ɗauki alƙalami: samarin sun jingine kekunansu suna dariya a ƙarƙashin wata doguwar ƙofa mai kallon ruwa. Ɗayansu ya rubuta cewa tarihin mutanen Benin ne. To, ɗan uwa, da saura.

Ƙofar nan ita ce Porte du Non-Retour, ƙofar da in an fita ba a komowa. Ba tsohuwa ba ce, a 1995 anka gina ta da hannun UNESCO, don tunawa da bayin da anka loda a wannan gaɓa. Masana tarihi na cewa sun haura miliyan ɗaya. Daga nan, in ka juya keke ka ba teku baya, kilomita 4 ne zuwa cikin gari, kuma ita ce hanyar da bayin sunka biyo a ƙasa, ɗaure. Za ka wuce Zoungbodji, inda ake nuna ramin da aka zuba waɗanda sunka mutu kafin jirgi ya zo. Za a nuna maka wurin itacen mantuwa. Masu yi wa baƙi jagora na cewa maza kan kewaya shi sau 9, mata sau 7, wai don su manta gida. A cikin gari akwai dandalin Chacha, laƙabin Francisco Félix de Souza, babban dillalin bayi daga Barazil, abokin Sarki Gezo na Dahome, wanda ya mutu a 1849. Sai ganuwar ƴan Fotugal ta 1721. Abin mamaki, ba su sake ta ba sai a 1961, bayan Dahome ta samu ƴanci, kuma sai da sunka cinna mata wuta kafin su fita.

A kwalej an koya muna wannan ciniki a darasin tarihi, mun haddace tsibirin Gore da zanen jirgi cike da mutane, mun ci jarabawa. Ba wanda ya ce muna akwai masu jin Hausa a cikin jirgin.

Ga yadda abin ya zo ta wajenmu. Birnin Lalle, nan cikin gundumarmu ta Dakoro, tsohon mazaunin sarakunan Gobir ne, tun kafin su gangara kudu su kafa Alkalawa. A 1804 yaƙi ya ɓarke tsakanin Sarkin Gobir Yunfa da jama'ar Shehu Usman ɗan Fodiyo, a 1808 Alkalawa ta faɗi, amma faɗa bai ƙare ba, ya ɗauki shekaru ana kai hari ana ramawa. Kowane ɓangare na kama mutane. Wanda aka kama, in danginsa ba su fanshe shi ba, sai kasuwa. Daga hannu zuwa hannu, ta Nufe, ta ƙasar Yarbawa, har bakin ruwa. Ba duka ta Wida sunka fita ba, da yawa ta Ikko ne, ko Badagiri, ko Porto-Novo. Mu faɗi gaskiya ko da ɗaci: Bature bai zo Gobir ya kama kowa ba a lokacin. Mu munka kama, mu munka sayar.

Mafi yawansu Bahiya aka kai su, a Barazil, kuma ba su zauna shiru ba. A 1807 hukuma ta gano shirin tawaye na Hausawa a birnin Salvador. A 1809 sunka sake tashi, haka ma a 1814. Babban tawayen Musulmi na Janairun 1835, cikin watan azumi, Yarbawa sunka fi yawa a ciki, amma akwai Hausawa, kuma an tarar da layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda anka kashe.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne wani ɗan littafi da Francis de Castelnau, wakilin Faransa a Bahiya, ya buga a 1851. Ya zauna da bayi Hausawa yana tambayarsu labarin ƙasarsu. Mutanen Kano, da Katsina, da Zariya. Sunka lissafa mashi garuruwa, da koguna, da kwana nawa ne daga wannan zango zuwa wancan, da yaƙin da anka kama su a ciki. In ma an kewaya da su wancan itace, bai ci su ba.

Samarinmu na Kwatano sun ce za su koma Wida bayan Sallah. Mun roƙe su wannan karo su shiga har cikin gari, su ɗauko muna hotunan Zoungbodji da ganuwar, mu sa a shafi. Ku kuma na gida, duk wanda ya taɓa jin kakarsa na ambaton wani nasu da anka kama anka yi kudu da shi bai komo ba, ya aiko muna saƙon murya. Za mu sa shi a shirinmu na daren Juma'a.